Alkakin Goggo Rabi

"Miƙo min ƙwaryar kwaɓin nan," in ji Goggo Rabi, yayar babanmu. Ana jibi walimar saukar yaran unguwarmu ne a cikin birnin Zazzau, shekara guda bayan ta daina gani.

Na ce, "Goggo, ki huta bana, a sayo a Ƙofar Doka mana."

Ta ce, "Ke Binta, ido na rasa, hannuna yana nan. Yaran da aka haifa a gabana ba za su ci na kasuwa ba."

Haka ta wuni tana lalube tana murzawa, ni ina suya. Wasu sun karkace, amma ranar walima ko gutsure bai rage ba.

Allah ya jiƙan Goggo. A gidanku wa ke da irin wannan kafiyar?