Ɓerayen da Suka Koyi Fiton Ruud

Femke fa ba ta yafiya, tun tana yarinya a gonar shanun babanta in ka taka ta sai ta rama ko bayan shekara ne. Ta girma ta samu aiki a wani ɗakin binciken ƙwaƙwalwa a birnin Groningen, kullum a keke cikin ruwan sama, burodi da cuku a jaka. Aikinta ɓeraye. In ɓera ya gamu da sabon abu, wasu ƙwayoyin gado a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sai su farka su kama aiki, su ke sa abin ya zauna masa. To don a ga bambanci dole a ajiye wasu ɓerayen shiru, ba hayaniya ba baƙon wari.

Kawai sai Ruud, abokin aikinta mai shegen fito, ya faɗo ɗakin ɓerayenta da rigar sanyi duk gashin kyanwarsa! Ɓerayen suka ji warin kyanwa suka firgice, ƙwaƙwalwar kowanne ta farka, wahalar Femke ta tashi a banza, shugabarsu kuma ta ce sakacinta ne.

"Haba 'yar ƙauye, kyanwa ce fa ba zaki ba," in ji Ruud yana dariya.

"Yi dariyarka ɗan birni," ta ce.

Shi ma yana da ɓerayensa da yake koya wa bin hanya a akwati mai lunguna. Duk ranar da ciyar da su ya faɗo kan Femke sai ta yi musu irin fitonsa sak, ta miƙa musu ɓarɓashin cakulan. Ta yi ta yi har abin ya zauna musu daram.

Ranar da shugaba ta kawo baƙi kallo, Ruud ya saki ɓerayen, ya hau fitonsa don bakinsa ba ya zama shiru. Wallahi ko ɗaya bai bi hanya ba, duk suka rugo wajensa suka miƙe tsaye suna jiran cakulan!

"Ruud, roƙo ka koya musu?" in ji shugaba. A take ta karɓe aikin daga hannunsa.

Femke ta raɓa shi ta ce, "Fito ne fa ɗan birni, ba zaki ba."

Ta hau keke zuciyarta fes. Sai a kan gada ta ji bakinta yana wannan fiton da kansa. Har yau bai bar ta ba, ko wanke-wanke take sai ya zo, ta yi tsaki ta zagi Ruud.