Ƙarafanka Huɗu Suna Jikin Teburina

Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, 'yarka ta buga mini waya ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ina tsaye a falo na ji labarin, idona a kan teburin da ka ɗaure da ƙarafan matsi huɗu kwana biyar da suka wuce.

Baba Kafinta, duk layinmu an san ka da hana mutane gaggawa, ni kuwa an san ni da rawar kai. Shekaru tara ke nan da na ajiye jiƙaƙƙen kofi a kan teburin nan na marigayiya mahaifiyata, ya bar farin tabo. Har na ɗauko samfefa zan kankare, Allah ya kawo ka. Ka ce, "Kul, 'yata! Ba datti ba ne, danshi ne ya shige ƙarƙashin man ƙyallin. Katakon saman nan bai fi farce kauri ba, in kin goge shi kin gama da shi." Ka shimfiɗa tsohuwar singileti, ka ɗora dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ka ɗaga, ka duba, ka sake ɗorawa, har tabon ya ɓace. Da na kawo maka shayi, a ƙasa ka ajiye kofin, kana hararata.

Lahanin bana ya fi muni. Na yi tafiya, rufi ya yi yoyo, ruwa ya kwana biyu a kan teburin. Katakon saman ya kumbura, kusurwa ɗaya ta tashi kamar ɓawon albasa. Na zo maka da kuka. Ka sa aka bar shi mako guda a inuwa ya bushe, sannan ka ɗura gam da allurar sirinji, ka ɗora takarda da falanki, ka matse. Ka ce kada in taɓa, kada in leƙa, kai za ka zo ka kwance. Na tambaye ka kwana nawa. Ka yi dariya, ka ce, "Na san halinki. In na faɗa miki, sai kin rage biyu."

To yanzu wa zan tambaya, Baba? Wallahi tsoro nake ji. In na kwance da wuri ya sake tashi, babu mai hannunka a kusa. In na bar shi ya daɗe, ban sani ba ko ƙarfen zai lotsa shi. Teburin nan kaɗai ya rage mini na mahaifiyata. Sau goma a rana nakan zagaya shi, in miƙa hannu, in janye.

Jiya wurin gaisuwa Mama, mai ɗakinka, ta ce ƙanenka yana haɗa kayan aikinka, an rasa ƙarafa huɗu. Na ce suna wurina, zan kawo.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da haƙurin da ka yi da mu. Allah ya ba Mama da 'ya'yanka da ƙanenka juriyar wannan rashi. Mama, ki yi mini uzuri in ƙarafan sun ɗan jima ba su zo ba. Shi ya ce in jira shi, kuma har yau hannuna ya ƙi kwancewa.