Babur a Kan Turmina

Ranar da mutanen garin Babban Mutum za su zo nema wa ɗansu auren babbar 'yarmu, ranar ce Malam, maigidana, ya ga damar zama bakanike. Tayar bayan babur ɗinsa ta sace. Ga mai faci can bakin kasuwar Baure, amma wai tura babur cikin gari ba girmansa ba ne, gara ya ciro tayar a gida ya kai.

Ƙafar tsakiyar babur ɗin ta daɗe da karyewa. Ina can ina wanke gero, ashe ya mirgino turmina ya kife, ya ɗora babur a kai.

Na ce, "Malam, fura fa zan daka wa baƙi."

Ya ce, "Kafin geronki ya tsane na gama."

Cirewa kam ya cire, aka yi faci, ya dawo da ita. Mayarwar ce ta gagara. In ya saita sarƙa, birki ya zame. In ya kama birki, ƙarfen da ke ratsa tayar ya ƙi wucewa, har da taɓaryata ya buge shi. Baƙin mai har gemu. Wani guntun ƙarfe mai rami ya yi saura a faifaina, ya jujjuya shi ya ce ƙila na ado ne.

Raina ya ɓaci sosai. Irin waɗannan baƙi ba a tarbarsu da furar kasuwa, kuma maganar mun rufe ta, don neman aure ba a bayyana shi sai ya tabbata. Turmin da ke kusa kuwa na maƙwabciyata ne, matar da ko kazarka ta yi ƙwai sai unguwa ta ji.

Da azahar ta gabato na haƙura, na yafa mayafi na ɗauki ƙwaryar geron na shiga gidan maƙwabciyar. Ta dubi yawan geron, ta sansana citta da kanumfari, ta dube ni.

"Wannan furar ba ta 'yan gida ba ce."

Na ce 'yan'uwan Malam ne za su zo. Ta ce Allah ya kawo su lafiya, har ta taya ni daka.

Bayan la'asar baƙi suka iso. Malam ya tarbe su a zaure yana miƙa musu wuyan hannu, babur na nan kan turmi. Ina bayan ƙofa ina saurare. Babbansu ya gyara murya ke nan, bai ko faɗi abin da ya kawo su ba, sai guɗa ta tashi ta kan katanga.