Malam Tasi'u da Tarwadar Ramin Bulo

Da an idar da sallar asuba, Malam Tasi'u ba ya komawa gida. Gonar kifi yake nufa, can bayan Ƙafin Maiyaki. Sai ya tsugunna a bakin kowane tafki, ya kamfaci ruwa a tafin hannu ya sansana. Ma'aikatansa suna da na'urar gwada ruwa, amma sun ce ba ta taɓa ƙaryata hancinsa ba.

Shekara goma sha takwas ke nan da ya fara, a wani rami da masu bulo suka haƙa suka bari. Kafin nan manomin dawa ne kamar kowa. Ranar da ya ce zai yi kiwon tarwada, wansa Abdullahi ya dube shi ya ce, "Tasi'u, kifi ai na dam ne. Wa ka taɓa gani yana kai masa abinci?"

A lokacin daga kudu ake kawo 'ya'yan kifi, rabi su mutu a hanya. Shi kuwa ya ce a nan zai ƙyanƙyashe nasa. Matarsa Furera ta ce sau tara ƙwai yana ruɓewa a bahon wankinta. A na goma ya kira ta, ya nuna mata wasu 'yan abubuwa kamar gashi suna motsi a ruwa, ya ce mata ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Daminar da tafkunansa suka kai shida, aka kwana biyu ana ruwa babu ɗaukewa. Bangon tafkunan ya ɓalle, kifin da saura mako biyu a kwashe ya malala cikin gonakin shinkafa. Gari ya fito da kwanduna. Mai unguwa ya ce a yi shela, kowa ya dawo da abin da ya kama.

"Ranka ya daɗe, a bar musu," in ji Malam Tasi'u. "Na yafe, su ci. Iyayen kawai nake roƙo. Duk wanda ya kama babba mai ƙwai, ya taimake ni da ita."

Kafin la'asar an dawo masa da uwa goma sha ɗaya da ransu. Wani dattijo a cikin rigarsa ya naɗo tasa, yana tafe yana yayyafa mata ruwa. Da waɗannan aka sake farawa.

Yau kamfani ne mai tafki arba'in da biyu. Mutum talatin ke aiki a ciki, ban da mata masu banda, kuma motoci na ɗauka zuwa Kano da Kaduna. Daga Bebeji har Doguwa, da wuya ka sami mai kiwon kifin da bai tsugunna a gabansa ya koyi ƙyanƙyasa ba. Wani ya ce masa yana koya wa masu ƙwace masa kasuwa. Ya ce, "Waɗanda ba su ci kifi yau ba sun fi kifina yawa."

Bana gwiwa ta matsa masa, ya miƙa ragama ga 'yarsa Barakatu.

Malam, kai ne ka sa tarwada ta shiga tukunyar da a da sai da Sallah take ganin nama. Gwani mara rowar sani, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Mu kuma da muka iya wani abu muke ɓoyewa, mu je Ƙafin Maiyaki mu ga mutumin da ya koya wa kowa sana'arsa, kuma bai rasa komai ba.