Baban Kanta da Littattafan da Yake Ɓatarwa

A ɗakin karatun jami'ar babu mai son Baban Kanta, shi ma bai taɓa nuna yana son kowa ba. Aikinsa tura keken littattafai, yana mayar da kowanne gurbinsa a kan kanta, inda ya samo wannan laƙabi ke nan. Da baƙin gashi ya kama aikin, yanzu kansa fari fat, amma bakin nan nasa bai yi sanyi ba. In ɗalibi ya lanƙwasa shafi, sai ya tsaya a kansa ya ce, "Na gidanku ne?"

Akwai littattafan da yake ƙin mayarwa inda suke da gangan. Duk na falsafa da ya ga an rubuta mutuwa, ko yanke ƙauna, ko kashe kai a bangonsa, sai ya gangara ƙarshen zaure ya cusa shi cikin littattafan cututtukan kaji. A irin wannan wuri, littafin da aka sa a gurbin wani ya ɓata ke nan, ko da bai fita daga ginin ba.

Ƙaninsa ne dalili. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya sa shi a makaranta. Saurayin ya kashe kansa ana gab da gama karatunsa, Baban Kanta ne ya ɓalle ƙofa ya tarar da shi, ga irin littafin nan a gefen katifarsa, da hatimin ɗakin karatun a jiki. Tun daga nan Baban Kanta ya ƙulla gaba da su, ko ɗaya kuwa bai taɓa buɗewa ba.

Wata sabuwar malamar falsafa ce ta tona shi. Ta gaji da jin ɗalibanta suna cewa babu littattafan, ta bi kantocin da ƙafarta, ta kwaso su ta zube masa a kan keke.

"Baba, kaji ne za su rubuta jarrabawata?"

"Su dai ban taɓa jin sun kashe kansu ba," in ji shi.

"Ka karanta ko ɗaya? Rabinsu hana abin suke yi."

"Sauran rabin fa?"

"Ba huruminka ba ne. Jerawa aka ɗauke ka, ba tacewa ba."

"Ke kin taɓa ɓalle ƙofa kin tarar da naki?"

Malamar ba ta janye ba. Ta kai ƙara wurin shugaban ɗakin karatun, shi kuma ya yanke magana: ko littattafan su koma gurbinsu, ko Baban Kanta ya bar aiki.

Har ya cire rigar aikin ya rataye, sai ya tuna in ya tafi wani za a kawo, wanda zai jera su ya wuce, ko kallon mai ɗauka ba zai yi ba. Ya mayar da rigar. Ya jera su yana tsaki, sannan ya jawo kujerarsa ya dasa a bakin kantar falsafar.

Yanzu duk wanda ya miƙa hannu sai ya sha tambaya, fuska a murtuke.

"Kai, da wa kuke ɗaki? Yaushe rabonka da kiran uwarka?"

Ɗalibai sun tsani layin. Wasu ma sai sun leƙa sun ga ya tafi salla suke shiga. Ran nan wani dogo, ramamme, ya fizgi littafi ya ce, "Ina ruwanka, tsoho?"

"Babu," in ji Baban Kanta. "Amma da hannunka za ka dawo da shi, ban yarda da aike ba. Fuskarka nake so in gani."