Gyaran Malam Sabo Mai Sikeli

Duk wanda zai bar ƙasar nan daga Birnin Kudu ko Gwaram, karatu ne zai kai shi, ko aiki, ko bin miji, to sai ya biya ta rumfar Malam Sabo Mai Sikeli. Babu wanda ya kafa wannan doka, amma kowa yana bin ta. Abin dariyar shi ne, shi Malam Sabon bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Iyakar tafiyarsa Kano, sai wani zuwa ɗaurin aure Azare da har yau yake ba da labarinsa kamar wanda ya ƙetare teku.

A Farin Dutse aka haife shi, gidan manoma. Yana ɗan shekara ashirin ya lura cewa fartanya ba ta son sa, shi ma bai damu da ita ba, sai ya tattaro ya dawo Birnin Kudu ya kama awon gero da dawa. Da harkar riɗi ta buɗe ya sayi sikeli, irin na ƙasa mai faffadan faranti, kuma daga nan sunan ya bi shi. Ranar kasuwar Sara ba ya fashi. Gonarsa ta gado tana nan a Farin Dutse, ƙannensa ke nomawa, shi kuma ya je lokacin girbi ya tsaya da hannu a baya yana ba da shawarar da ba a nema ba.

Abin da aka fi sanin sa da shi a kasuwa shi ne gyara. In ya auna maka kwano, ya tsaya cif, sai ya dumbuza hannu ya ƙara maka a kai. Ko gardama kuka yi a ciniki har jijiyar wuya ta tashi, gyaranka na nan. Wani mai saye ya taɓa cewa a auna gyaran a ga nawa ne, Malam Sabo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai daga wane gari? Ba a auna gyara."

Harkar matafiya kuwa da wata tsohuwa ta fara, wadda ta zo da jakarta a gwada mata kafin tafiya Makka. Daga ita sai ɗalibai, sai masu zuwa aikin tuƙi a ƙasashen Larabawa, sai ma'aikatan jinya. Ba ya karɓar ko sisi. Ladansa ɗaya ne: in ka dawo, ka zo ka zauna a kan benci ka faɗa masa duk abin da ya ba ka wahala. Da haka ya tara ilmin da ya fi na wasu da suka je suka dawo. Kafin jakarka ta hau sikeli sai ka sha tambayoyi. Ina fasfo? Ka yi masa hoto uku, ɗaya a jiki, ɗaya a jaka, ɗaya wurin tsohuwarka? Ina katin rigakafi? Wa zai tarbe ka? Lambarsa tana kan takarda, ko ka bar ta a waya ita kaɗai, wayar da caji zai ƙare mata a sama? Kada ka karɓi saƙon kowa sai an kwance shi a gabanka. Man shanu da manja a bar su a gida. In ka sauka, makon farko ka nemi masallaci, ka nemi kasuwa, ka gaida maƙwabcinka ko da hannu ne.

A jaka kuwa ba shi da wasa. Kamfanin jirgi ya ce kilo ashirin da uku, shi a ashirin da biyu da rabi yake tsayawa. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa buɗe jakar da ya auna a filin jirgi don ta yi nauyi ba, kuma yana faɗin haka ko ba a tambaye shi ba.

Sai abin ya zo gidansa.

Bara'atu ce, 'yarsa ta fari. Mijinta Abdulsamad ya samu karatu da ɗan aikin koyarwa a Malesiya, shekara huɗu, ya riga ya tafi, ya kama musu gida, takardunta kuma sun fito. Matsalar ɗaya ce: tana da ciki wata shida, kuma na fari ne. Kowa ya san haihuwar fari a gida ake yin ta, uwa ta yi wa 'yarta wanka, ta dama mata kunun kanwa har kwana arba'in. Abdulsamad ya yi bayani ta waya cikin ladabi, cewa in ta tsaya ta haihu bizar za ta ƙare, jariri kuma sai an nema masa nasa fasfo da tasa biza, abin zai iya cin shekara. Magana ce mai hankali, shi ya sa ta fi ciwo.

Malam Sabo ba shi da bakin magana a kai. 'Yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, balle a zo maganar ciki. Matarsa Mero ma haka, sai dai ta yi ta faɗa da tukwane. Ƙanwarsa Goggo Turai ce bakin gidan, ita ce ta tsaya tsakar gida ta ce, "To wa zai dama mata kunu a can? Da shinkafa za ta yi jego?"

Wannan tambaya ta zauna wa Malam Sabo a ƙirji. Gaskiyar magana, yana son yarinyar nan fiye da duk abin da ya mallaka, kuma tsoro yake ji. Tsoron kada ta haihu a ƙasar da ba wanda ya san kakanta, ta nemi abin gida ta rasa. Wanka ba zai shiga jaka ba, Mero ma ba za ta shiga ba. Abin da zai iya shiga shi ne kunu, don haka ya ƙudura cewa kunun kwana arba'in zai isa Malesiya ko ana ha-maza-ha-mata.

Ya hau motar Ɗan'azumi direba ya tafi Farin Dutse, ya sa aka buɗe rumbu aka ɗebo geron gonar gado. Ya ji daga bakin waɗanda suka dawo cewa ƙwayar hatsi takan jawo tambayoyi a wasu ƙasashe, don haka aka surfa, aka wanke, aka niƙa da citta da kanumfari da masoro, aka shanya garin kwana uku har ya bushe ƙayau. Sannan ya aiki Goggo Turai ta tambayo Mero ludayi nawa mai jego ke sha a yini. Mero tana zaune taku biyar daga inda yake, amma ta bakin Turai amsar ta dawo. Ya lissafa, ya auna gari kilo goma, aka ƙulla a fararen ledoji aka rubuta sunan abin da ke ciki. Kanwa, yajin jego, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa a cikin roba uku don kada ta tona asiri. Jakar abinci ta tsaya ashirin da biyu da rabi. Ta tufafi ma haka. Ya zuge zif da hannunsa ya ce kada wanda ya ƙara ko allura.

Ranar tafiya da hantsi jakunkuna suna zaure ana jiran mota, mata suna ciki ana sallama. Malam Sabo ya zo wucewa, ya ga ragowar garin a cikin kwarya. Ya dubi jaka, ya dubi kwarya. Shekara talatin da wani abu bai taɓa sallamar mai awo hannu rabbana ba, ko baƙon da bai sani ba, yau kuma a kan 'yarsa zai fara? Ai akwai rabin kilo da ya bari. Ya waiga, ba kowa. Ya samo leda ya dumbuza hannu biyu ya zuba. Ya ga kamar bai yi komai ba, ya ƙara. Ya tuna teku za ta ƙetare, ya sake ƙarawa. Ya ƙulle bakin ledar irin ƙullin da yake yi a kasuwa, ya cusa can ƙasan jaka. Sikeli na rumfa, tafiyar minti biyar, amma ko a ransa bai kawo ba. Ba a auna gyara.

Da motar Ɗan'azumi ta zo, sai ga Malam Sabo ya shige gaba. Wai yana da wata harka a Dawanau, rage masa hanya za a yi. Mero ma ta ce za ta duba wata 'yar'uwarta a Kano. Goggo Turai ta ce, "Ikon Allah, yau kowa da uzurinsa, ni kaɗai ce 'yar rakiya." Har aka isa filin jirgi ba wanda ya sake ambaton Dawanau.

Jakar tufafi ta hau sikelin ma'aikaciyar jirgi, ashirin da biyu da rabi. Malam Sabo ya gyara tsayuwa, ya dubi Ɗan'azumi don ya shaida. Jakar abinci ta hau. Ashirin da shida.

"Hajiya, ta haura da kilo uku," in ji ma'aikaciyar. "Sai a rage."

"Sikelinku dai," in ji Malam Sabo.

Aka ja jaka gefe aka buɗe. Abu na farko da ya fito ƙullin ƙuli-ƙuli ne, Goggo Turai ta kau da kai tana gyara mayafi. Na biyu wata kanwa ce a tsumma, Mero ta ce ita dai ta ga kamar waccan ba za ta isa ba. Duka biyun ba su fi kilo ɗaya ba. Sai Bara'atu ta zura hannu can ƙasa ta jawo wata leda mai nauyin jariri, ba rubutu a jikinta. Ta juya ta, ta ga ƙullin. Duk Birnin Kudu mutum ɗaya ke irin wannan ƙulli.

Ɗan'azumi ya dubi ƙullin, ya dubi Malam Sabo.

Kunya biyu ta haɗu wa bawan Allah. Ga sunansa na shekara goma sha bakwai ya zube a gaban direban da zai kai labari tasha kafin la'asar. Ga kuma abin da ya ɓoye tun ranar da aka haifi yarinyar nan, an ɗaga shi sama a leda kowa na gani. Ya miƙa hannu, idonsa a ƙasa.

"Kawo nan. Kuskure ne. Na awon ya isa, an lissafa."

Bara'atu ba ta miƙa ba. Ita ma ba ta dube shi ba, ba a yi mata tarbiyyar haka ba. Ta ce a hankali, "Baba, ni tun ina yarinya nake zuwa rumfa kai abinci. Ban taɓa ganin wanda ya mayar maka da gyara ba."

Ta durƙusa da cikinta ta buɗe jakar tufafi. Ta ciro atamfa turmi uku cikin na lefe, waɗanda ko ɗinkawa ba a yi ba, da takalmi mai tsini da ta saya musamman don sauka daga jirgi, ta ɗora wa Mero a hannu. Ta sa ledar a gurbinsu, ta rarraba ƙuli da kanwa. Aka sake aunawa, kowace jaka ta tsaya ashirin da uku cif. Malam Sabo ya ce ƙura ce ta faɗa masa a ido, a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga.

Labari kam ya riga su isa gida. Sati guda ana tsokanar sa a kasuwa, yana cewa sikelin Kano ne ba shi da albarka.

Bayan wata uku Bara'atu ta haifi 'ya mace. Ashe ta bi maganar gaida maƙwabci. Wata 'yar Sudan da ke ƙofa da ƙofa da su ita ta riƙa dafa mata ruwan wanka, matan ɗalibai 'yan Arewa biyu suna zuwa damu, wata tsohuwa 'yar ƙasar kuma ta ɗanɗana kunun sau ɗaya ta mayar da gidan wurin hira. Lissafin Malam Sabo na baki ɗaya ne, ga shi bakuna sun zama biyar.

Ranar kwana talatin da uku da haihuwa, yana rumfa yana auna wa wata mata dawa, Goggo Turai ta zo da waya a hannu ta manna masa a kunne. Aka gaisa, ya tambayi mai gidan, ya tambayi "baƙuwar", ya tambayi ruwan sama. Sai can ya daure ya ce, "Kayan nan dai sun isa ko?"

"Na awon ya ƙare tun shekaranjiya, Baba," in ji Bara'atu. "Gyaran nake sha. Zai kai ni arba'in."

Malam Sabo ya karɓi wayar ya ƙara manna ta a kunne. Daɗi ne ya cika shi, da kewa, har ya rasa inda zai sa kansa. Da ƙyar ya ce, "To. A riƙa damawa da kauri." Ya miƙa wayar, ya juya ya dumbuza wa mai dawa gyara har sau uku, matar ta tsaya tana kallon sa.

Har yanzu ana kawo masa jakunkuna, tambayoyinsa kuma ba su ragu ba. Abu ɗaya ne ya sauya: a ashirin da ɗaya yake tsayawa. In matafiyi ya yi ƙorafi cewa ai saura kilo biyu, sai Malam Sabo ya zuge zif ya tura masa jakarsa.

"Wannan ba naka ba ne," yakan ce. "Kai dai ka ajiye ta a zaure, ka shiga ciki ka yi sallama. Kada ka yi saurin fitowa."