Gashin da ke Cikin Buroshin Shitu

Shitu ɗan Fagge ne, kuma a gida da zanen motoci aka san shi: zaki a bayan gingimari, ɗawisu a ƙofar bas. Wani maigidansa ne ya taho da shi Guangzhou ta ƙasar Chana a 1996 don ya riƙa zaɓar masa kalar yadi. Maigidan ya koma, Shitu ya maƙale. Ya samu aiki a wani ɗan shago a lungun Sanyuanli, inda ake fentin sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa tsawo ba. Turawa ake aika wa, wai manya da gemunsu ke jera su a tebur suna wasan yaƙi. In da ranka ka sha kallo.

Aikinsa ido ne. Shi ke ɗiga wa kowane soja ƙwayar ido da wani siririn buroshi. Kafin kowane ɗigo sai ya ɗauraye buroshin, ya sa a baki, ya murza shi da leɓe har ya yi tsini, kamar yadda ya ga 'yan Chana abokan aikinsa na yi. Leɓensa kullum da kala, mu Hausawan da ke can muna tsokanarsa da amarya. Amma fa mutum ne mai tsantseni har ya so ya yi yawa. Ba ya cin abinci sai a wurin Musulmin ƙasar masu taliya, can ma da cokalinsa a aljihu, kuma ban taɓa ganin salla ta wuce shi ba.

A 1998 maigidan shagon, wanda suke kira lawban, ya yarda da shi har ya tura shi ya zaɓo buroshi da kansa. Ni ɗan kasuwa ne, na iya tsinto kalma biyu-uku a yarensu, sai ya ce in raka shi. Shagon wata tsohuwa ne. Shitu na ɗauka yana jiƙawa, yana lanƙwasa gashin a farcensa. Wanda ya miƙe da kansa ya ware, wanda ya kwanta ya mayar. Tsohuwa ta ga wanda ya san kaya, daɗi ya kama ta. Ta ɗauko irin wanda ya fi so, ta tsaga shi da reza don ta nuna masa sirrin. Gashin waje ja-ja ne, na jelar wata dabba mai kama da tunku. A tsakiya kuwa ga wasu fararen gasu masu tauri, su ne ke miƙar da shi. Ta danna hancinta sama da babban yatsa, ta yi gurnani sau biyu.

Ni sarkin wauta har na fara dariya, sai na ga fuskar Shitu. Ya dafa kantar shagon, gumi na tsiyaya, bakinsa a buɗe kamar yana tsoron harshe ya taɓa haƙora. Wallahi sai a lokacin na gane: gashin alade take nufi.

"Alhaji," ya ce da ni, "shekara biyu. Da bakin nan nake karanta Fatiha. Salla nawa ke nan?"

Kwana uku bai ci abin kirki ba. Ya goge harshensa da gishiri har ya yi jini. Ranar Juma'a na ja shi wurin Malam Kallamu, wani dattijon ɗan kasuwa daga Damagaram da ya yi karatun littattafai.

"Allah gafarta Malam, na halaka," in ji Shitu.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. A littattafanmu, gashi ko na wannan dabbar ne, in aske shi aka yi, mai tsarki ne. In tsige shi aka yi, to tushen ne abin gudu. Kuma kai ba ka sani ba, babu ramuwa a kanka."

Rabin farko kawai Shitu ya ji. Washegari tun kafin a buɗe shagon tsohuwar muna tsaye a ƙofa, jiragen sama na filin Baiyun na wucewa ta kanmu, shi yana ta salati. Yaren nawa bai kai ga wannan tambayar ba, don haka Shitu ya naɗe hannun riga, ya ɗauki rezar ya yi kamar yana aske damtsensa.

"Meyo, meyo," in ji tsohuwa, wato babu. Ta damƙi iska da yatsu, ta fizga da ƙarfi, tana murmushi, ita a ganinta yabon kayanta take yi.

Ya ƙarasa watan da buroshin roba, wanda ba ya riƙe tsini, bai kuma sake kai komai baki ba. Sojoji suka fara fitowa da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Lawban ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya haƙura. Shitu ya koma Kano kafin ƙarshen shekara.

Bayan shekara shida na ci karo da shi a masallacin Kantin Kwari. Aka idar da la'asar, ya miƙe shi kaɗai ya kawo wata raka'a huɗu. Na jira shi.

"Shitu, ai Malam ya ce babu ramuwa. Ko da akwai ma, da tuni ka gama."

"Na gama sau biyu, Alhaji," ya ce, yana kallon tabarma. "Da na zo ƙarshe sai in ji kamar na tsallake ɗaya."